4,294,967,297: firam ce ko ba firam ba ce?

Nura:
Assalamu alaikum malamai. Ga wata lamba a taya ni tantance ajinta: 4,294,967,297. Mara ce, ƙarshenta 7, saboda haka 2 da 5 sun fita. Jimillar alƙalumanta 59, wato 3 ba ya raba ta, in kuma aka raba ta da 9 saura 5. Don gwada 7 da 11 da 13 a lokaci guda, a yanka ta uku-uku daga dama ana ɗebewa ana tarawa: 297 − 967 + 294 − 4 = −380, kuma babu ɗaya cikin ukun da ke raba 380. Sannan ta tsallake gwajin Fermat, wani gwajin gano firam, da tushe 2: in aka ɗaga 2 zuwa ƙarfin 4,294,967,296 aka raba da ita, saura 1 ne cif. To za a iya sa ta a jerin firam, wato lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Kada ka sa ta. 641 × 6,700,417 ce. Duba da hannu: 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200, sau 40 ya ba da 268,016,680, sau 1 kuma ita kanta. Tara ukun, lambarka za ta fito ba ragi ba ƙari.

Sananniyar lamba ce. 2^32 + 1 ce, wato 2 a ƙarfi na 32 da ɗaya a kai. Ita ce ta shida a jerin lambobin Fermat, waɗanda ake samu in aka ɗaga 2 zuwa ƙarfin 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu aka ƙara 1. Ta farko, 3, ita ce F0, shi ya sa ake kiran wannan F5. Biyar ɗin da ke gabanta su ne 3, 5, 17, 257 da 65,537, dukkansu firam ne, shi ya sa a 1640 masanin lissafi Fermat ya yi zaton duk jerin haka yake. Euler ne ya fito da 641 a 1732.

Nura:
Na gode Malam. Amma ta yaya ta wuce gwajin Fermat alhali ba firam ba ce?

Malama Zainab:
Saboda gwajin hanya ɗaya yake bi, Malam Nura. In lamba ta faɗi, tabbas ba firam ba ce. In ta wuce, ba a tabbatar da komai ba tukuna. Mafi ƙanƙantar lambar da ke yaudarar gwajin da 2 ita ce 341, wadda 11 × 31 ce.

A kan wannan lambar kuwa zaɓen 2 shi ne mafi munin zaɓi, don da 2 aka gina ta. Tun da lambar 2^32 + 1 ce, in ka raba 2^32 da ita tamkar saura −1 ne. Ninka wannan da kansa, 2^64 zai bar saura 1. Ƙarfin da gwajin ke tambaya shi ne 2^32, kuma 64 na raba shi. Kenan dole saura ya zo 1, ko lambar firam ce ko ba firam ba ce. Kowace lambar Fermat haka za ta yi. Ka tambayi mai shaida ne wanda amsarsa ba ta canjawa.

Injiniya Bello:
A ƙara da cewa ko Miller–Rabin, gwajin firam da ya fi na Fermat tsauri, aka yi da 2 kaɗai za ta wuce. Gwajin yana neman ya ga −1 a cikin jerin ninke-ninken, ita kuma a ninki na biyar take ba da −1: 2, 4, 16, 256, 65,536, sai 4,294,967,296 wanda shi ne lambar ban da ɗaya. Duk wanda ya rubuta manhajar gwajin firam da tushe guda ya kamata ya jefa mata wannan lambar, da 2047 wadda 23 × 89 ce. Ga lambobin da ba su kai 4,759,123,141 ba, an tabbatar tushe uku sun isa: 2, 7 da 61. Tamu tana cikin wannan iyaka.

Sadiya:
Malam Habu, ni abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda mutum zai kai ga 641 ba kwamfuta. Saiwar murabba'in lambar, wadda ita ce iyakar neman mai rabawa, ta ɗara 65,536 da ɗan kaɗan, kuma firam ɗin da ke ƙasa da 65,536 guda 6,542 ne. Ko a 641 aka tsaya, an yi rabawa sama da ɗari da lamba mai alƙaluma goma.

Malam Habu:
Ba a buƙatar bin su ɗaya bayan ɗaya, Malama Sadiya. Bari in shimfiɗa shi a hankali don nan ne daɗin lambar yake.

A ce firam p yana raba 2^32 + 1. To a lissafin saura na p, 2^32 daidai yake da −1, 2^64 kuma daidai yake da 1. Yanzu a tambaya: wane ne ƙarfi mafi ƙanƙanta da za a ɗaga 2 ya bar saura 1? Dole ya zama mai raba 64, wato 1, 2, 4, 8, 16, 32 ko 64. In da 32 ne ko ƙasa da haka, da 2^32 ya bar saura 1, alhali −1 ya bari. Saura 64 kaɗai. Ƙaramar ƙa'idar Fermat kuma ta ce wannan ƙarfin dole ya raba p − 1. Kenan p ninkin 64 ne da ɗaya a kai.

Jera su: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Cire waɗanda ba firam ba: 65 = 5 × 13, 129 = 3 × 43, 321 = 3 × 107, 385 = 5 × 7 × 11, 513 = 27 × 19. Abin da ya rage 193, 257, 449, 577, 641. A rabawa ta biyar an gama.

A 1878 Lucas ya ƙara matse abin, ya nuna p ninkin 128 ne da ɗaya. Da wannan jerin ya koma 129, 257, 385, 513, 641, firam biyu kacal a ciki. Ita 257 ma ba sai an gwada ta ba, don 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 = 4,294,967,295, wato lambarmu ban da 2. Duk wanda cikin biyar ɗin nan aka raba ta da shi saura 2 zai bari. Da ƙa'idar Lucas, 641 shi ne na farko da ya cancanci a gwada.

Malama Zainab:
Kuma ba sai an yi doguwar rabawa ba. A bi ta ninki ana rage saura a kowane mataki: 2^8 = 256. Sai 256 × 256 = 65,536, a cire 641 × 102 = 65,382, saura 154. Sai 154 × 154 = 23,716, shi kuwa 641 × 37 = 23,717. Ya gaza da ɗaya tak. Wato 2^32 ya gaza ninkin 641 da ɗaya, in aka ƙara masa 1 ya cika.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan kyau a ido. 641 = 5 × 128 + 1, kuma 641 = 625 + 16. Ta farko ta ce 5 × 2^7 daidai yake da −1. Ɗaga shi zuwa ƙarfi na huɗu, 5^4 × 2^28 ya zama 1. Ta biyu ta ce 5^4 daidai yake da −2^4. Musanya, sai ka samu −2^32 daidai da 1. Layi uku. Sai dai wannan ta wanda ya riga ya san 641 ce, ba ta nemo ta.

Kabiru:
To an gama kenan, masu raba ta huɗu ne: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta.

Malam Habu:
Amsar daidai ce Malam Kabiru, amma ka tsallake mataki. Wa ya ce 6,700,417 firam ce? In ba firam ba ce, adadin masu rabawa zai wuce huɗu, duk lissafin da aka ɗora a kai ya rushe.

A tabbatar. 2,588 × 2,588 = 6,697,744, 2,589 × 2,589 = 6,702,921, saboda haka iyakar bincike 2,588. Duk firam da ke raba 6,700,417 yana raba babbar lambar, kenan shi ma ninkin 128 ne da ɗaya. Irin waɗannan guda ashirin ne kafin iyakar, na ƙarshe 2,561. Goma sha biyar ba firam ba ne. Wasu suna ɓoye kamanninsu: 1,537 = 29 × 53, 1,921 = 17 × 113, 2,561 = 13 × 197. Waɗanda suka rage 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. Saurar rabawa a jere: 170, 44, 120, 334, 622. Ba sifiri ko ɗaya. Yanzu ne za a ce firam ce.

A lura da gwada 641 a karo na biyu. Mutane na mantawa da shi. Shi ne ke nuna cewa 641 × 641 ba ya raba lambar.

Kabiru:
Na karɓa. To in haka ne ga abin da za a rubuta a kanta. Firam biyu mabambanta ne suka haɗa ta, babu murabba'in da ke raba ta. Jimillar masu raba ta 642 × 6,700,418 = 4,301,668,356. In aka cire ita kanta saura 6,701,059, wanda bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari shida nata ba, saboda haka tana cikin gajiyayyun lambobi, waɗanda masu raba su ba sa tarawa su kai su. Ba cikakkiya ba ce irin 6 ko 28, ba kuma mai yalwa ba ce irin 12. Lambobin da ke ƙasa da ita da ba su haɗa mai rabawa da ita ba: 640 × 6,700,416 = 4,288,266,240.

Nura:
Tun da ta yaudari gwajin Fermat, ba ta shiga ajin lambobin Carmichael ba?

Malama Zainab:
Ba ta shiga ba. Lambar Carmichael tana yaudarar gwajin da kowane tushe da bai haɗa mai rabawa da ita ba, irin 561 = 3 × 11 × 17, kuma sai ta ƙunshi firam uku ko fiye. Tamu biyu gare ta. Ko ta sharaɗin Korselt na gane lambar Carmichael ka bi, ana so 640, wato 641 ban da ɗaya, ya raba 2^32, alhali akwai 5 a cikin 640. Da an sauya tushe zuwa 3 asirinta ya tonu.

Ga lambobin Fermat ma akwai gwaji na musamman, na Pépin, daga 1877, kuma shi hanya biyu yake bi. Fara da 3, ninka shi da kansa, rage saura, maimaita sau 31. In sakamakon ƙarshe ya zo 4,294,967,296 lambar firam ce, in ya zo wani abu dabam ba firam ba ce. A nan 10,324,303 yake fitowa. Gwajin ya yanke hukunci ba tare da ya nuna ko mai rabawa ɗaya ba.

Sadiya:
Akwai matsala a wannan. Ƙaramar manhajar da ke yin ninkin nan sau 31 tana fitar da wata lamba dabam, har da alamar ɗebewa a gabanta a wasu matakan.

Injiniya Bello:
Ambaliya ce, wato lambar ta fi ƙarfin ma'ajin da kwamfuta ke riƙe ta a ciki, kuma zan iya nuna miki matakin da take faruwa. Ninki huɗu na farko lafiya lau: 9, 81, 6,561, 43,046,721. Na biyar 1,853,020,188,851,841, saurarsa 3,793,201,458. Ma'ajin lamba mai bit 64 (bit shi ne gurbi ɗaya na 0 ko 1 a rubutun kwamfuta) da ke ɗaukar alamar ɗebewa ba ya iya riƙe murabba'in duk abin da ya wuce 3,037,000,499. Wannan saurar ta wuce, to a ninki na shida lissafin ya lalace, kuma a harsuna irin su C da Java ba wani gargaɗi da za ki gani. Mafita: ki yi amfani da ma'aji mai bit 64 marar alama, ko mai bit 128, ko harshe irin Python da lambobinsa ke faɗaɗa da kansu. Marar alamar ma yana da rami guda, in saura ta zo 4,294,967,296 daidai, murabba'inta 2^64 ne, zai koma sifiri.

Don gane ko kina kan hanya, riƙa raba saurar da 641 a gefe. Bayan ninki na biyar ya kamata ki ga 628, a ƙarshe kuma 357.

Wata dabara mai rage aiki: tun da 2^32 daidai yake da −1, ba sai an yi rabawa ba. Yanka sakamakon gida biyu, bit 32 na ƙasa da abin da ke sama, ki ɗebe na sama daga na ƙasa. A ninki na biyar na ƙasa 3,793,632,897, na sama 431,439, bambancinsu 3,793,201,458. In ya zo ƙasa da sifiri ki ƙara lambar sau ɗaya. Dabara ɗaya ce da ta Malam Nura ta yanka uku-uku, can 1,001 = 7 × 11 × 13 ne ke sa 1,000 ya zama −1.

Ita kanta lambar tarko ce tun kafin a fara ninki. A rubutun kwamfuta 1 ce, sifiri 31, sai 1, bit 33 kenan. Ma'aji mai bit 32 marar alama iyakarsa 4,294,967,295, in aka cusa masa tamu bit ɗin sama ya faɗi ta koma 1. In aka sa ta a ma'ajin lamba mai ɗigo na bit 32, tazarar lambobi a wannan girman 512 ce, sai ta koma 4,294,967,296, manhajar ta ce cika ce. Excel kuma alƙaluma 15 yake riƙewa, ita lambar za ta shiga amma ninki na biyar mai alƙaluma 16 ba zai shiga daidai ba.

Kabiru:
Tun da an ambaci rubutun kwamfuta, a ƙara mata wani aji: ta gaba da ta baya karatunta ɗaya ne. 1, sifirai, 1.

Malam Habu:
A ƙara, amma a rubuta tushen ƙirgar da ake magana. A tushe 2 haka ne, a tushe 16 ma 100000001 ce, a tushe 10 kuwa ba haka ba ne. Ni ban cika ba irin wannan aji muhimmanci ba. Siffar rubutu ce, ba ta lambar ba. Haka jimillar alƙaluma 59, haka yawan alƙaluma goma. Sauya tushe duk su watse, amma 641 na nan yana raba ta ko da tsakuwa aka ƙirga.

Malama Zainab:
A nan ba na tare da kai gaba ɗaya, Malam. Jimillar alƙaluma ta tushe 10 ce, gaskiya, amma abin da take nunawa na lambar ne: saura 5 a rabawa da 9. Daga wannan 5 ɗin kaɗai abubuwa huɗu sun fito. Murabba'i yana barin 0, 1, 4 ko 7, to ba murabba'i ba ce. Lamba sau kanta sau kanta tana barin 0, 1 ko 8, to ba ita ba ce. Lambobin dala irin 1, 3, 6, 10 suna barin 0, 1, 3 ko 6, ba ta cikinsu. Na huɗun ya fi ban sha'awa: tara uku daga cikin 0, 1 da 8 yadda ka ga dama, ba za ka samu saura 4 ko 5 ba, saboda haka ba za a taɓa rubuta ta a matsayin jimillar lambobi uku masu ƙarfi na uku ba, ko an yarda da masu alamar ɗebewa. Karatun gaba da baya a tushe 2 ma ba ado ba ne a nan, shi ne ke faɗa maka 2^32 + 1 ce, kuma daga nan duk maganar 64 da 128 ta taso.

Malam Habu:
Na yarda da na 9 ɗin. Abin da nake ƙi shi ne a jera aji talatin a layi ɗaya kamar nauyinsu ɗaya.

Sadiya:
Akwai wanda ba a taɓo ba. 65,536 × 65,536 + 1 × 1, wato jimillar murabba'i biyu ce. Wannan yana da amfani ko shi ma ado ne?

Malama Zainab:
Yana da amfani sosai. Firam da ke barin saura 1 a rabawa da 4 yana rubutuwa a matsayin jimillar murabba'i biyu ta hanya ɗaya tak. Tamu tana da hanya biyu: 65,536 da 1, sannan 62,264 da 20,449. Duba: 3,876,805,696 + 418,161,601 = 4,294,967,297. Samun hanya ta biyu kaɗai ya isa hujjar cewa ba firam ba ce.

Inda suka fito: 641 = 25 × 25 + 4 × 4, kuma 6,700,417 = 2,556 × 2,556 + 409 × 409. Ninka a giciye. 25 × 2,556 = 63,900, 4 × 409 = 1,636. Tarawa 65,536, ɗebewa 62,264. Ɗaya ɓangaren 25 × 409 = 10,225, 4 × 2,556 = 10,224. Ɗebewa 1, tarawa 20,449.

Ana iya komawa da baya kuma, wanda bai san 641 ba ya same ta daga hanyoyin biyu. Haɗa mara da mara, cika da cika. Bambanci: 20,448 da 3,272, babban mai raba su 8. Tari: 20,450 da 127,800, babban mai raba su 50. Rabin kowanne 4 da 25, murabba'insu 16 + 625 = 641. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa mara da cika, sai rabin ya ƙi fita.

Injiniya Bello:
Kwatanta ta da maƙwabtanta biyu na ƙasa ma akwai darasi. 4,294,967,296 ba ta da wani firam sai 2, masu raba ta 33, ita ce kuma adadin adireshin intanet na tsarin IPv4. 4,294,967,295 firam biyar gare ta, masu raba ta 32. Tamu huɗu. Kusanci a jere ba ya faɗin komai game da masu rabawa.

Malam Habu:
Bambancin ya kai har zane. Gauss ya gano a 1796 cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kaɗai, Wantzel ya kammala hujjar sharaɗin a 1837: in adadin gefen mara ne, sai ya kasance firam ɗin Fermat mabambanta ne suka haɗa shi. Da biyar ɗin da aka sani ana samun haɗi 31, mafi girma shi ne 4,294,967,295. Mai gefe 4,294,967,297 kuwa ba ya zanuwa, don 641 ba firam ɗin Fermat ba ne. In da zai zanu, wannan lambar da Malam Kabiru ya fitar, 4,288,266,240, da sai ta zama ƙarfin 2 zalla, ita kuwa ƙarshenta sifiri, 5 na ciki.

Nura:
To ta gaba da ita a jerin fa, 2^64 + 1? Hanyar Malam Habu za ta yi aiki?

Malam Habu:
Za ta yi, sai dai da gumi. Lambar 18,446,744,073,709,551,617 ce, masu raba ta ninkin 256 ne da ɗaya, kuma na farkon da ya ci shi ne 256 × 1,071 + 1 = 274,177. Abokinsa 67,280,421,310,721. Landry ya wallafa wannan a 1880. Ta bayanta, 2^128 + 1, mai alƙaluma 39, sai a 1970 Morrison da Brillhart suka fasa ta da kwamfuta, da wata hanya dabam, don ƙaramin mai raba ta alƙaluma 17 gare shi. Daga F5 har F32 an tabbatar babu firam ko ɗaya, kuma F5 zuwa F11 kaɗai aka gama warwarewa gaba ɗaya.

Injiniya Bello:
Malam Nura, in za ka gwada 274,177 kada ka saka babbar lambar a ma'aji mai bit 64, za ta koma 1 kamar yadda ƙanwarta ta yi a bit 32. Fara da 2, ninka da kansa sau shida kana rage saura da 274,177 a kowane mataki. Babu ninkin da zai wuce alƙaluma 11, ko kalkuleta mai alƙaluma 12 za ta ɗauka. A mataki na shida ya kamata ka ga 274,176.